Ranar da Gabas Ya Ɓace Mini a Washington

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, ko da Allah zai ja kwanana in tsufa ina yawo da baƙi a titunan Washington. Ba a ma daɗe da yin abin ba. Yanzu haka da nake rubutu, in na tuna ƙofar nan da na shiga da baya sai in rufe fuska don kunya. Amma gara ku ji labarin daga bakina, don Kawu ya riga ya fara baza shi a wuraren suna da walima, kuma duk bayarwa sai ya ƙara masa gishiri.

Ni 'yar Malumfashi ce. Sakandare kawai na gama, Kawu (ƙanin mahaifiyata, injiniya ne a nan) ya ɗauko ni zuwa gidansa a Silver Spring, kusa da Washington. Watannin farko a bakin taga na yi su. Tsoron garin nake ji kamar me. Sau ɗaya na yi ƙarfin halin shiga jirgin ƙasa ni kaɗai, na faɗa wanda ke tafiya inda ba can za ni ba, na kuma kasa sauka don tsoro, har ya kai tashar ƙarshe wani ma'aikaci ya same ni ina share hawaye da bakin mayafi. Daga ranar ko shagon 'yan Afirka da ke kusa da mu ba na zuwa sai da rakiya.

Kawu ya gaji. Wata rana ya dawo daga aiki ya ce ya sa sunana a wani kwas na koyon yi wa 'yan yawon buɗe ido jagora.

Na ce, "Kawu, ni? Ni da ake rakawa sayen tattasai?"

Ya ce, "Ke ɗin fa. In aka ce ki nuna wa wasu gari, dole ki san shi."

Ya ce akwai wani ƙaramin kamfani da ke zagayawa da baƙi daga Afirka, suna neman mai jin Hausa, kuma sun yarda su ɗauke ni in na kawo takardar shaidar kwas ɗin. In na faɗi jarrabawa kuwa sai baɗi, kuma ba za su jira ni ba. Na san kaina. In na faɗi na koma ɗaki, ba zan sake samun ƙarfin zuciyar fitowa ba.

Malamarmu wata tsohuwar Ba'amurkiya ce, Malama Helen, gashinta fari fat, kullum cikin takalmin gudu. Ta fi son ba mu labarin yadda aka fara koyar da sana'ar a kan komai. Ta ce lokacin da ta shigo babu wata makaranta ta kirki. Bin wani tsohon jagora kake yi kana riƙe masa lema, kana haddace duk abin da ya faɗa, har da ƙaryarsa. Da aka fara buɗe azuzuwa kuma, in ji ta, ba da tarihin gine-gine ake farawa ba, da taswira ake farawa. A shimfiɗa ta a ƙasa, ɗalibai su durƙusa su kewaye ta, kuma ba za a nuna musu ko titi ɗaya ba sai sun iya juya takardar har arewarta ta dace da arewar ƙasar da suke durƙushe a kai. Tana da wata jaka cike da tsofaffin taswirori irin waɗanda ake rabawa a gidajen mai a da, duk sun yage a wajen ninki an liƙe su. In ta ga wani ya zaro waya sai ta harare shi ta ce wayarta ta taɓa mutuwa a gaban baƙi cike da mota, tun ranar ba ta ƙara yarda da ita ba.

Ni kuwa duk wannan zancen juya takarda raina shi nake a zuciyata. A makarantarmu taswira ɗaya ce tal, tana ofishin shugabar makaranta, ba a fito da ita sai masu duba makarantu za su zo. Malaminmu na labarin ƙasa fili yake fitar da mu ya ce, "Kowacce ta tsaya kamar za ta tayar da sallah." Mu tsaya. Ya ce, "To, gabanku gabas, bayanku yamma, hagunku arewa, damanku kudu. Ku koma aji." Shi ke nan darasin, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. A gida duk garin da ka sauka, ka dubi inda masallaci ya fuskanta, ka gama sanin garin. Ko kwatancen gida da haka ake yi.

Saboda haka ranar da Malama ta ce kowa ya faɗi yadda mutanen ƙasarsa suke tafiye-tafiye a da, sai na miƙe da guntun Turancina na cika aji da labarin fatake. Na ce madugu yakan ja ayari har Gwanja a sayo goro ba tare da ko ƙyallen takarda ba. Na ce mu tun muna yara muke sanin kusurwoyi huɗu, don kullum sai mun tsaya mun fuskanci gabas. Aka yi ta tafi. Kaina ya kumbura. (Kakana tela ne, bai taɓa wuce Funtuwa ba. Wannan ban faɗa musu ba.) Da na dawo gida na ba Kawu labarin tafin, wanda shi ne kuskurena na farko.

Ga yadda jarrabawar ƙarshe take. Kowace ɗaliba ta zo da baƙinta. Malama za ta karɓe waya, ta ba ka taswirar takarda, ta nuna maka inda za ka kai su, sannan ta koma baya ta bi ku shiru. Ba mai taimaka maka da hanya. In ka isa ka yi musu jawabi a kan wurin. Sharaɗin da ta fi nanatawa shi ne ka isa da baƙinka cif. In ɗaya ya gaji ya ce ya fasa, ka faɗi.

Baƙin da na samu su ne surukan Kawu, iyayen matarsa, da suka zo daga Katsina ganin jikoki, a kuma duba gwiwar Hajiya. Alhaji mutum ne mai barkwanci, tun da Kawu ya tsegunta masa labarin fatake ya daina kiran sunana, sai Madugu. Hajiya kuwa ba ta da yawan dariya. Abin da ta ce kawai shi ne, "In dai ba nisa." Na ce ba nisa. Kawu ya zama na uku, bayan Malama ta gargaɗe shi ya ɗinke bakinsa.

Muka haɗu a lambun da ke gaban fadar shugaban ƙasa. Gari ya yi lumshi, gajimare ya rufe ko'ina, ba ka ganin ko inda rana take. Muna isa azahar ta yi, Alhaji ya ce ba inda zai taka sai ya sauke farali. Malama ta ce babu damuwa, ta koma gefe. Kawu ya zaro wayarsa ya duba alƙibla, ya shimfiɗa dardumai a kan ciyawa, Alhaji ya ja mu, Hajiya ta yi tata a zaune kan benci. Na daɗe a sujadar ƙarshe ina roƙon Allah kada ya kunyata ni. Da muka sallame na ɗaga kai na lura da abin da ke gabana, kusurwar wani dogon gini da wata bishiya a gindinsa. Na ce a raina, alhamdu lillahi, ga gabas an ba ni tun ba a fara ba.

Malama ta karɓi wayata ta jefa a jaka. Ta buɗe taswira ta ɗora yatsa a kan gidan tarihin da ake ajiye hotunan shugabannin ƙasar. Na duba, daga inda muke wurin gabas yake, miƙewa kawai za a yi. Jawabinsa ma na haddace shi tsaf. Sai ta miƙo mini wani ɗan kamfas mai igiya, irin mai allurar nuna arewa.

Na ce, "Na gode, Malama, ba na buƙata."

Ta ce, "Kin tabbata?"

Na ce, "Na riga na san gabas."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta mayar da shi aljihu. (In da akwai abin da zan roƙi a goge mini daga rayuwata, wannan murmushin da na yi mata ne.)

Muka fita daga lambun, na ɗaga jar lemata sama yadda aka koya mana, muka zo wata mahaɗa. Tituna biyu ne a gabana. Ɗaya ya miƙe sak ta inda na fuskanta da sallah, ɗayan a ganina ya ɗan karkata dama. Ban ko yi shawara ba, na ɗauki na farko. Kawu ya yi wani irin tari. Na juya na ce, "Sannu, Kawu," na ci gaba.

Kada ku ce ban duba sunan titi ba. Na duba, na kuma ga bai yi daidai da na takarda ba. Amma a garinmu kowane titi suna biyu gare shi, wanda gwamnati ta rubuta da wanda mutane suka sani, don haka ban damu ba. Ga shi kuma titunan da muke tsallakawa masu lamba ne, lambobin suna raguwa daidai yadda taswira ta nuna. Me kuma nake nema? Har na fara tafiya da baya ina fuskantar baƙina, irin ta ƙwararrun jagorori, ina nuna musu wannan da wancan. Duk abin da na faɗa da Hausa sai in maimaita da Turanci don Malama ta ji.

Alhaji ya ce, "Madugu, a rage sauri, akwai raƙumi mai ɗingishi a ayarin nan."

Hajiya ta ce, "Wa kake ce wa raƙumi?"

Ya ce, "Da kaina nake, Hajiya."

Ta ce, "Ya fi maka." Sannan ta dube ni. "Ke 'yar nan, nisan da kika ce babu, shi ne wannan?"

Na ce saura kaɗan. Kuma kamar da gaske, muna ƙara gaba sai ga wani tsohon ginin dutse a tsakiyar fili, fari, da ginshiƙai da matakala, irin wanda na gani a littafin kwas. Zuciyata ta yi fari ƙal. (Rabin gine-ginen garin nan masu ginshiƙai ne da matakala. Yanzu na sani.)

Na tsayar da su a gindin matakala, na ba ginin baya, na gyara mayafi, na saki murya. Na ce wannan yana cikin tsofaffin gine-ginen gwamnati a birnin. Na ce a da nan ake ajiye samfurin abubuwan da masu ƙirƙira suka ƙera. Na rage murya na ce lokacin yaƙin basasarsu a cikin wannan ginin aka kwantar da sojojin da suka ji rauni, wasu a nan suka cika. Hajiya, duk da ciwon gwiwarta, ta dafe ƙirji ta ce, "Allah sarki, 'ya'yan mutane." Alhaji ya girgiza kai yana duban tagogi. Na juya zancen duka zuwa Turanci, ban rage ko kalma ba. Malama tana ta kallon takalminta. Kawu ya juya baya, kafaɗunsa na rawa, na ɗauka labarin sojojin ne ya taɓa shi.

Na ce, "Yanzu ku biyo ni, za ku ga fuskar kowane shugaba da ya taɓa mulkin ƙasar nan."

Na hau matakalar da baya, na tura ƙofa da baya, na shiga da baya, lema a sama. Saboda haka ban fara ganin abin da ke ciki ba. Fuskokinsu na fara gani. Na ga Alhaji ya ɗaga gira. Na ga Hajiya ta saki baki. Sai na ji muryar wata budurwa a bayana, cikin fara'a, tana yi mana maraba da Turanci, tana tambaya ko gyara muka kawo ko sabuwa muke so.

Na juya.

Dogayen tebura ne na katako jere reras, a kansu wayoyi da kwamfutoci suna ta ƙyalli, matasa cikin riguna iri ɗaya suna kai da kawowa. Kantin sayar da waya ne. Tsohon gini ne da gaske, amma kantin waya ne a ciki. Ni da aka karɓe wa waya don in nuna gwanintar takarda, na kwaso dattawa daga Katsina na kawo su inda ake sayar da ita, na kuma sa Hajiya jimamin sojoji a bakin ƙofa.

Alhaji ya leƙa hagu ya leƙa dama, ya ce a hankali, "Madugu, shugabannin a cikin wayoyin suke?"

Nan Kawu ya kasa daurewa. Ya fita da gudu ya dafa ginshiƙi yana dariya har da hawaye, a gaban surukansa, abin da bai taɓa yi ba. Ni kuwa na sauke lemar. Ban san yadda na fito ba. Abin da na sani shi ne na tsinci kaina a waje, Hajiya ta zauna a kan matakala ta miƙe ƙafa tana murza gwiwa.

Ta ce, "Baban Ilham," haka take kiran Kawu, "in ka gama dariyar ka kira mana mota. Ni na gama yawon."

Kun tuna sharaɗin. In ta shiga motar nan, shi ke nan. Kawu ya daina dariya, ya dube ni, ya sa hannu a aljihu yana jan lokaci. Wallahi abin da zuciyata ta ce mini shi ne in ajiye lemar in ruga, ko ina ne. Sai dai ban san ko ina ba, matsalar ke nan tun farko.

Na je wajen Malama na ce, "An gama, ko?"

Ta ce, "Baƙinki suna nan?"

Na ce suna nan.

Ta ce, "To ba a gama ba."

Na ce, "Malama, kamfas ɗin nan."

Ta zaro ta ba ni, ba ta yi mini gori ba, kuma na gode mata da hakan har gobe. Na shimfiɗa taswirar a kan dutse, na durƙusa a gabanta, mutane na wucewa suna kallo. Na ɗora kamfas. Na zuba masa ido. Allurar ta yi lilo ta tsaya, ta nuna arewa a wani wuri da ban taɓa zato ba. Na juya takardar a hankali har ta dace da ita. Na karanta sunan titin da ke jikin ƙarfe, wannan karon na yarda da shi, na nemo shi a takarda. Ga fili nan da gini a tsakiyarsa. Ga wani titi ya taso daga wajen lambun a karkace, ya ratsa sauran kamar an ja layi da wuƙa, ya zo nan. Shi na biyo. Wanda na ga kamar ya karkata dama, shi ne miƙaƙƙen.

Na daɗe ina kallon layin nan kafin abin ya faɗo mini. Na ɗaga kai na ce, "Kawu, ɗazu ba gabas muka kalla ba?"

Ya dubi Malama, ya fassara mata tambayar, ta ɗaga masa kai tunda ba hanya na tambaya ba. Ya ce, "A nan alƙibla arewa maso gabas take. Kowa ya sani ai."

Alhaji ya ce, "Wane kowa? Tsaya, tsaya. Kana nufin tun da na zo ƙasar nan arewa nake kallo?"

"Ba arewa sak ba, Baba, tsakani. Duniya a dunƙule take, to daga nan hanyar da ta fi kusa zuwa Makka ta can ta bi."

"To sallolina fa?"

"Suna nan lafiya lau, Baba. Alƙiblar daidai take. Gabas ɗin ne ba a nan yake ba."

Alhaji ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Ya ce, "Ikon Allah. To ai yarinyar nan ba ta da laifi. Ni ma da ni aka ba takardar, nan zan kawo ku."

Hajiya ta ce, "Shi ya sa ban taɓa bin ka ko'ina ba sai da direba. Baban Ilham, motar."

Na sake duba takarda. Gidan tarihin yana kudu da mu, kuma titin da ke fuskantar matakalar nan ya miƙe har ƙofarsa. Na tashi na hanga. Can ƙarshen titin, ta tsakanin dogayen gine-gine, ga wasu ginshiƙan. Tun da muka zo suna can suna kallona ina zuba jawabi.

Na je gaban Hajiya na durƙusa har ƙasa, gwiwa biyu, a tsakiyar Washington.

Na ce, "Hajiya, ki yi mini rai. Na yi kuskure, girman kai ne ya ja mini. Amma in kika shiga mota na faɗi, aikin kuma ya tafi. Ga wurin can, ki duba da idonki, ba takarda ce ta faɗa ba."

Ta ce, "Tashi. Mutane na kallo, za su ce dukan ki na yi, su kira mini 'yan sanda."

"Ba zan tashi ba sai kin ce za ki."

"Ji mini yarinya da taurin kai. In na bi ki kika kai ni kantin takalmi fa?"

"In na kai ki kantin takalmi, ni da kaina zan gaya wa Malama ta kayar da ni. Kuma a ƙofar can suna ba da aron keken turawa, ni zan tura ki ko'ina a ciki."

"Keken marasa lafiya? Ni?"

Alhaji ya ce, "In ba ki so ni ina so."

Ta harare shi. Ta dubi titin, ta dube ni, ta yi tsaki mai tsawo. Sannan ta miƙo hannu ta ce, "Kama ni. Kuma ki kalli gabanki, wannan tafiya da baya kamar tunkiyar da ake ja kasuwa ta ishe ni."

Haka muka tafi, Hajiya rataye a kafaɗata ta dama, kamfas a hannun hagu, lemar na ba Alhaji ya ɗaga. Duk mahaɗar da muka zo sai na tsaya na karanta sunan titi da ƙarfi na duba takarda. Da muka isa ban buɗe baki ba sai da na karanta allon da ke ƙofa, na shiga da gaba, na tambayi mai gadi, na leƙa na ga hotuna a bango da idona. Sannan na fito na tsayar da su.

Jawabin dai shi ne, ba ni da wani. Na ce wannan yana cikin tsofaffin gine-ginen gwamnati, Alhaji ya ce, "A birnin." Na ce a da nan ake ajiye samfurin, ya ce, "Abubuwan da masu ƙirƙira suka ƙera." Ya haddace shi tun a can. Da na zo kan sojoji na rage murya na dubi Hajiya, ta ce, "Kada ki dube ni, ni na riga na yi jimamina a kantin waya, ba zan sake ba." Dariya ta ƙwace mini a tsakiyar Turancin, ga hawaye, ban san wanne zan tare ba.

Malama ta ja ni gefe bayan na zaunar da Hajiya a keke. Ta ce tun takun farko ta san na kauce, kuma ba ƙaramin daurewa ta yi ba. Ta ce ta rage mini maki saboda ƙin karɓar kamfas, ta kuma rage saboda na yi wa ginin da ban leƙa ba jawabi, ko da yake, in ji ta, jawabin ya yi kyau duk sau huɗun, na Hausa da na Turanci. Na sunkuyar da kai ina jira. Sai ta ce babu jagoran da bai taɓa ɓata ba, abin da take dubawa shi ne ko zai iya nemo kansa baƙi na kallonsa, ya kuma hana su watsewa. Ta ce ta ga ɗalibai da yawa sun ɓata, amma ba ta taɓa ganin wadda ta durƙusa ta dawo da baƙuwa daga bakin mota ba.

Ta ce, "Kin ci."

Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Na ruga na faɗa wa su Kawu, Alhaji ya ɗaga lema sama a cikin gidan tarihi har mai gadi ya yi masa magana. Hajiya ta ce, "To madalla. Tura ni in ga mutanen da na sha wahala dominsu." Muka zaga da ita zaure bayan zaure, tana duban kowane shugaba tana faɗin wanda ya yi mata kama da mai rowa. Da lokacin tafiya ya yi da ƙyar aka raba ta da keken.

Na fara aikin, kuma har yanzu in na tsaya gaban baƙi sai na ɗan ji tsoro kafin murya ta zauna. Darasin da na samu ba mai zurfi ba ne. Sallah ina yin ta inda alƙibla take, hanya kuwa sai na tambayi allura. Kuma komai tsufan gini, komai kyan ginshiƙansa, ba na ƙara sa kowa kuka a ƙofarsa sai na leƙa na ga abin da ake sayarwa a ciki.